Daga Gadon Tiyata Zuwa Gungu: Zubar Jini da Jinyar Mai Jego



Lokacin da kwamitin shirya taro ya aiko mana da takardar gayyata, kowa ya ɗauka za mu koma kan abin da aka saba ji daga bakinmu, wato azuzuwan da rufinsu ya yaye da ƙarancin malamai. Mun nemi afuwar kwamiti, muka ce a bana a bar mu mu taɓo maganar da maza ba su cika yi a zaure ba, ita ce zubar jini bayan haihuwa, musamman ga macen da aka yi wa tiyata aka ciro ɗa. Aikinmu koyarwa ne, to amma duk wanda ya riƙe makarantar ƙauye shekara da shekaru ya san hedimasta ba a ofis kaɗai yake aiki ba. Shi ke karanta wa mutane takardar asibiti, shi ke da babur, ƙofarsa ake bugawa da tsakar dare. Ta wannan ƙofa muka ga abin da ya sa muka tsaya gabanku yau, daga bisani kuma muka zauna da likitoci da ungozomomin asibiti, muka yi tambaya kamar ɗaliban aji ɗaya.

Shekarun baya, muna riƙe da wata makaranta a bakin tafki, akwai wani matashin malami a ƙarƙashinmu, mutumin ɗaya daga cikin gungayen nan. Matarsa ta ɗauki cikin fari. Naƙuda ta zo, ta kwana biyu a durƙushe, ashe ɗan ya kwanta a gicciye. Aka sa ta a jirgi, aka tsallako, aka kai ta asibiti. Likita ya yi aiki, aiki ya yi kyau, aka ciro ɗa namiji mai rai. Mu da kanmu mun je barka, mun same ta zaune tana shan kunu tana dariya ƙasa-ƙasa saboda ɗinki. Ran kwana biyar aka sallame ta, aka ba ta magunguna, aka faɗa mata ranar da za ta dawo.

Wata 'yar'uwarta da ke aure a Yelwa ta ce a bar ta wurinta ta ƙara kwanaki. Dangin miji suka ce ina, an riga an sayi rago, an aika goron gayyata, ɗan fari ne, a gidan kakansa za a raɗa masa suna. Aka mayar da ita gungu. Aka ɗora tukunyar wanka safe da yamma. Ran suna ta yini a zaune tana amsa barka. Bayan suna baƙi suka watse, aikin gida ya dawo, ita kuma yarinya ce mai kunya, ba ta iya kwanciya surukarta na surfe. A daren kwana na goma sha ɗaya jini ya ɓalle mata. Ta ɓoye har zane na biyu ya jiƙe. Da tsofaffi suka gani sai suka ce dattin ciki ne ke fita, gara ya fita, aka dama mata kunun kanwa. Sai wajen ƙarfe ɗayan dare, da ta miƙe ta faɗi, aka ta da mijin.

Jirgi mai inji guda ɗaya ne a garin, kuma babu mai a cikinsa. Malamin nan ya bi gida-gida yana tara fetur a kwalba. Suka tsallako cikin duhu da iska, suka iso gaɓa babu mota sai da gari ya waye. A asibiti ma'aikata suka yi abin da za su iya, suka sa mata ƙarin ruwa, suka ce a kawo jini leda uku. Mutum shida suka rako ta. Biyu tsofaffi ne, biyu suka ce ba su da ƙarfin bayarwa, jinin mijin bai dace da nata ba, leda ɗaya aka samu daga ƙanenta. Kafin azahar ta cika. Bayan shekara shida kakar yaron ta riƙo hannunsa ta kawo mana shi, mu muka rubuta sunansa a rajistar aji ɗaya.

A cikin wannan labari babu wanda ya yi mugunta. Kowa son ta yake yi. Abin da ya faru shi ne, duk mun ɗauka ranar da aka sallami mace daga asibiti hatsari ya wuce, alhali ta fito da rauni biyu a jikinta, ɗaya ana gani ɗaya ba a gani, muka ɗauke ta muka sa ruwa mai faɗi tsakaninta da likita. Wannan shi ne jigon maganarmu: tiyata sa'a ɗaya ce, amma jinyarta mako shida ce, kuma makonni biyun farko bai kamata mace ta yi su a inda ba za a iya kai ta asibiti cikin sa'a guda ba.

Kada a zaci abin ya tsaya ga gida ɗaya. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025 ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan rashi a duniya baki ɗaya, kuma zubar jini na kan gaba a cikin dalilan. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya sa jiharmu ta Kebbi a ƙarshen jeri: haihuwar da ƙwararriyar ma'aikaciyar lafiya ta karɓa ba ta kai 5 cikin 100 ba. Ku da ke birni, matanku da 'ya'yanku na zuwa awo, suna haihuwa a asibitocin koyarwa. Ƙannenku da ke Gebbe, Libata, Zamare da Dugu Tsoho ba haka abin yake gare su ba.

Bari mu ɗan koma aji, tunda alli bai gama fita daga hannunmu ba. Lokacin da ciki ya tsufa, jinin da ke ratsa mahaifa a cikin minti ɗaya ya kai rabin lita ko fiye. Da zarar an haihu, mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, sai ta bar gyambo mai faɗin tafin hannu, jijiyoyin jini a buɗe. Babu zaren da ke ɗinke wannan wuri. Mahaifar ce da kanta take tsukewa, ta yi tauri kamar dunƙulen hannu, ta matse jijiyoyin. Idan ta gaji ta kasa tsukewa, jini zai zuba kamar an kwance famfo, kuma wannan shi ne sanadin mafi yawan zubar jinin da ake gani. Doguwar naƙuda na gajiyar da mahaifa, haka tagwaye, haka ƙaton jariri, haka yawan haihuwa kusa-kusa. Sauran dalilan su ne yagewar wani wuri, ko ragowar mabiyiya da ta maƙale, ko jinin da ya kasa daskarewa. Macen da jini ya ɓalle wa sosai tana iya rasuwa cikin sa'a biyu.

Wadda aka yi wa tiyata tana da wannan gyambo na ciki kamar kowace mai jego, sannan ga yankan da aka yi wa fata da naman ciki da ita kanta mahaifar. Tun a ɗakin aiki ta fi mai haihuwa da kanta asarar jini. Daɗin daɗawa, yawancin matanmu ba a kai su tiyata sai bayan sun galabaita a gida, faya ta fashe tun jiya, hannuwa sun shiga sun fita, ƙwayoyin cuta sun samu hanya. Ga zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, waɗanda duk ɗan bakin tafki ya san su, suna cinye jinin yarinya tun kafin ta yi aure. Asarar da mace mai cikakken jini za ta jure ta tashi, ita ke kayar da tamu.

Akwai masu zaton cewa tunda likita ya buɗe ciki ya share, wadda aka yi wa aiki ba za ta ga jinin biki ba. Za ta gani. A kwana uku ko huɗu na farko ja ne, yana da ɗan yawa. Daga nan ya koma ruwan ƙasa ko ja mai haske, yana raguwa, bayan kamar kwana goma ya zama fari-fari ko rawaya, yana iya kaiwa mako shida kafin ya ɗauke. Ƙa'idar da ya kamata kowace kaka da kowane miji su riƙe ita ce, jinin biki raguwa yake yi, ba ya ƙaruwa. A mako na biyu wasu kan ga ya ɗan taso na ɗan lokaci sa'ad da ɓawon gyambon ciki ya ɓare, ya kuma lafa da kansa. Wanda ya dawo ja wur ya ƙi lafawa, wanda ke jiƙe audugar mata ko ƙunzugu sharkaf cikin sa'a ɗaya, wanda ke fitowa da guda-guda masu girman ƙwan kaza ko fiye, wanda ke wari, ko ya zo da zazzaɓi da ciwon mara, wannan ba datti ba ne. Rai ne ke fita. Irin wannan zubar ta baya ta fi zuwa tsakanin mako na ɗaya da na biyu, kuma sau da yawa ragowar mabiyiya ce ko ruɓar cikin mahaifa ke jawo ta. A daidai wannan lokaci ne mu kuma muke gama suna, baƙi su tafi, ido ya ɗauke daga kan mai jego.

Ba zane kaɗai za a duba ba, a dubi ita kanta macen. Jiri idan ta miƙe, bugun zuciya da sauri, gumi mai sanyi, ƙishirwa mai tsanani, tafin hannu da cikin ido su yi fari, magana ta fara rikicewa. Bayan tiyata jini na iya zuba a cikin ciki ba tare da an ga ɗigo a waje ba, sai dai ciki ya kumbura, ta yi ta suma. Idan aka ga haka a kwantar da ita, a ɗaga ƙafafunta, a lulluɓe ta, a kama hanya nan take, ba sai an jira mai gida ya dawo daga su ko daga kasuwa ba. A tafi da zannuwan da suka jiƙe a cikin leda, domin su ne shaidar da ma'aikaci zai gani. A tafi da matasa masu ƙarfi waɗanda za su iya ba da jini, ba tsofaffi masu salati kaɗai ba, ko da yake su ma muna buƙatar addu'arsu.

Ma'aunin da likitoci suka daɗe suna aiki da shi shi ne mililita 500, wato cikin ledar fiya wata guda ɗaya. Leda biyu, lita ɗaya ke nan, an shiga babban hatsari. A watan Oktoba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta, ta ce ko mililita 300 aka gani, matuƙar bugun zuciya ko awon jinin mace ya fara canzawa, a fara magani. Dalilin sa lamba a kai shi ne ido yana ruɗin mutum, har idon ƙwararre. Wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka buga sakamakonsa a watan Mayu na 2023, ya bi mata fiye da 200,000 a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ita ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. An gano cewa idan da ido ake ƙiyastawa, kusan rabin masu zubar jini ba a gane su da wuri. Da aka riƙa shimfiɗa wa mace wata leda mai zanen ma'auni da ke tara jinin, aka kuma haɗa magunguna a lokaci guda maimakon a gwada wannan a jira a gwada wancan, mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100. A kan masu haihuwa da kansu aka yi binciken, to amma darasinsa ya isa har ɗakin mai jego a gungu: idan ma'aikaciyar da ta karɓi haihuwa dubu tana iya raina jini, ina ga kakar da ke dubawa da fitilar hannu?

Magungunan kuwa ba na ƙasar waje ba ne da sai an hau jirgin sama. Allurar oksitosin tana tsuke mahaifa, sai dai tana son sanyin firji, zafi irin namu na watan Afrilu yana rage mata ƙarfi. Akwai ƙwayar misofrostol da ba ta buƙatar firji. Akwai allurar taranezamik mai taimakon jini ya daskare. Wani bincike na 2017 da ya haɗa mata 20,000 a ƙasashe 21, har da Nijeriya, ya nuna idan an yi ta cikin sa'a uku da haihuwa tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk waɗannan a hannun ma'aikacin lafiya suke aiki. Ba abin da za a saya a kemis a ajiye a ƙarƙashin gado ba ne.

Yanzu mu zo kan wankan jego, mun kuma san a nan ne iyayenmu mata za su gyara zama. Ba mu zo rushe al'ada ba. Al'adar da ta ce mai jego ta huta kwana arba'in, a dafa mata nama da kifi, a ɗauke mata aiki, ta riga likitoci gane gaskiya. Sai dai tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro da ake fyaɗa wa jiki, da gasa ciki da danna shi, an tsara su ne a zamanin da ba a san yanka ciki a ɗinke ba. Mai ɗinki ruwan ɗumi ya ishe ta, a tsane wurin da tsumma mai tsabta, a bar shi a bushe, kada a shafa masa toka ko man kaɗanya ko wani haɗi. Zafi mai tsanani yana buɗe jijiyoyi, macen da jininta ya yi ƙasa tana iya faɗuwa a bayan ɗaki. Kunun kanwa kuma gishiri ne mai yawa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Masu bincike na baya sun ƙara da wasu dalilai, irin su rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki. Ko ta wane gefe aka duba, da yawa cikin waɗanda ake yi wa tiyata saboda hawan jini ko jijjiga aka yi musu, kuma mai hawan jini kanwa ba abokiyarta ba ce.

Wani abin kuma da muke zubarwa alhali magani ne, shi ne dakashi, nonon farko. Baya ga amfaninsa ga jariri, tsotson da yaro ke yi yana sa jikin uwa ya saki sinadarin da ke tsuke mahaifa, irin wanda ke cikin allurar da muka ambata. Murɗawar marar da mai jego ke ji idan tana shayarwa, aikin ke nan ake yi.

Mun sha jin ana cewa ai jinin biki kwana arba'in ne, a littattafan Malikiyya da muka karanta a zaure, irin su Ahalari da Risala, ma har kwana sittin, don haka duk abin da ya zo cikin kwanakin nan daidai ne. Malamanmu suna nan zaune, su gyara mana idan mun yi kuskure. Wannan iyaka hukuncin salla da azumi take bayani, ba ta ce a zuba wa mace ido jini na kwarara ba. Sai kuma kunya da dauriya, halaye biyu da muke yabon 'ya'yanmu da su. Yarinyar da aka horar kada ta yi kuka a naƙuda, kada ta kira sunan ɗan fari, ita ce za ta ɓoye zane. Wadda aka yi wa gorin cewa raguwa ce, ta kasa haihuwa da kanta sai da aka yanka ta, ita ce za ta tashi ta kama taɓarya ran kwana tara don ta wanke kanta. Wannan gori, iyayenmu mata, a hannunku yake.

Fata takan haɗe cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai mutane su ga tabo ya bushe su ce ta warke. Na ciki yana buƙatar mako shida ko fiye. A tsawon wannan lokaci kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi. Babu tulu daga bakin ruwa, babu daka, babu jan buhun albasa, babu tsayuwa kan bandar kifi. Amma ba a ce ta kwanta kamar gawa ba. Tun a asibiti ake tayar da ita ta taka a hankali, saboda doguwar kwanciya na sa jini ya dunƙule a jijiyar ƙafa. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko kai ya yi ta sarawa ido na ganin dishi-dishi, ko ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya, duk na komawa asibiti ne a ranar. Ta sha ƙwayoyin ƙarin jini har su ƙare, ko da bayan gida ya yi baƙi, haka suke yi. Abincin da ke mayar da jini kuwa Allah ya hore mana shi a ƙofar gida: kifi, hanta, wake, zogale, alayyafo. Abin takaici ne a ɗora kifin Yauri a mota zuwa kudu, matar masunci na jego da tuwo da miyar kuka zalla.

Ciki na gaba ma yana cikin lissafi. Likitoci na ba da shawarar a bar tazarar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin wani ciki, don tabon mahaifa ya yi ƙwari. Kuma wadda aka taɓa yi wa aiki, haihuwarta ta gaba a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini za ta yi. Mai yiwuwa ta haihu da kanta, da yawa suna yi, amma a gaban likita, domin tabon na iya fashewa a tsakiyar naƙuda. Wannan magana ta maza ce fiye da mata.

Muna yara ƙanana aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya hau, aka tayar da mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu. Tafkin ya haura kilomita 130 a tsawo. Ya ba mu kifi, ya ba mu noman rani, ya kuma shiga tsakanin dubban mutanenmu da asibiti. Tun bayan hatsarin jirgin Wara na watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ba mai hankalin da zai ce a dogara da tsallaka ruwa da dare, hukuma ma ta hana. A tudu kuma, a sassan Shanga da Ngaski, matsalar tsaro ta shekarun nan ta sa direba na tunani sau biyu kafin ya fita bayan isha'i. Idan abu ya fi ƙarfin asibitocinmu na nan, Birnin Kebbi tafiyar sa'o'i ce. A jera wannan kusa da sa'a biyun da muka ambata ɗazu.

Saboda haka ga abin da muke roƙon wannan ƙungiya. A kama gida mai ɗaki uku ko huɗu kusa da Babban Asibitin Yauri a Yelwa, inda macen gungu ko ta ƙauye mai nisa da aka sallama bayan tiyata za ta zauna da mai jinyarta har ta cika mako biyu, a duba ɗinkinta, sannan ta tsallaka. Mai tsohon tabo ma ta zo ta jira naƙuda a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego a rana ta uku, a sake dubawa tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na shida. Wadda ke gidan nan biyun farko sun zo mata da sauƙi. Hayar irin wannan gida ta shekara ba ta kai abin da muka kashe wajen buga kalandar bara ba, ma'aji yana nan, ya ƙaryata mu. Za a ce to suna fa? A yanka ragon a Yelwa, ko a yanka shi a gungu a raɗa suna, uwa na inda take. Ba mu taɓa jin malamin da ya ce suna bai yi ba don mai jego ba ta zauna a tsakar gida ba.

Sai jini. Ba a sayar da shi a kanti, daga jikin mutum yake fitowa. Lafiyayyen mutum daga shekara 18, mai nauyin kilo 50 ko fiye, yana ba da leda ɗaya, ƙasa da rabin lita, ruwan jinin ya dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran cikin 'yan makonni, kuma namiji na iya sake bayarwa bayan wata uku. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya hana haihuwa, duk zancen bakin kasuwa ne. Muna son rajista: suna, unguwa, rukunin jini da lambar waya na matasan Yelwa, Wara da Shanga, a hannun sakataren reshe, wanda wayarsa ba ta mutuwa da dare. Jinin da aka ɗiba yana yin kusan mako biyar a firji idan sanyi bai yanke ba. Mu da muke maƙwabtaka da madatsar da ke haska biranenku, firji mai aiki da hasken rana muke roƙo, kuma a cikinku akwai wanda zai iya saye shi kaɗai.

Batun mai da mota ba sabon abu za mu ƙirƙiro ba. A Jigawa, Katsina, Zamfara da Yobe an yi shiri da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, aka horar da direbobin tasha su ɗauki mai naƙuda ko mai zubar jini a kowane lokaci. Namu ya haɗa da masu jirgi. Jarka ɗaya ta fetur a kulle a gidan mai gari, da rigunan kariya daga nutsewa, da direba guda a kowace mashiga da aka san lambarsa. Sarakunan ruwa sun fi mu sanin yadda za a tsara.

Game da kuɗin aikin kansa, a watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, ta hannun Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, a asibitocin da aka amince da su. Sanarwa a Abuja daban, isowarta bakin tafki daban. A cikinku akwai ma'aikatan lafiya da manyan jami'an gwamnati. Muna son mutum biyu su ɗauki nauyin bin wannan magana, su kawo wa ƙungiya rahoto a rubuce kafin taron baɗi: waɗanne asibitocinmu ke ciki, wace takarda ake nema, wa ake gani.

Kuma idan aka bugo muku waya daga gida aka ce an yi wa ƙanwarku aiki, an samu ƙaruwa, kafin ku tambayi kuɗin rago da turamen zane, ku tambayi inda za ta kwana ran da aka sallame ta, wa zai ɗebo mata ruwa, mene ne rukunin jininta. Ku sake bugowa ran kwana goma, ku ce a ba ta wayar ita da kanta.

Littafin rajistar masu ba da jini yana kan teburin da ke bakin ƙofa, an ja masa layi. Mu dai likita ya duba hawan jininmu ya ce mu haƙura, don haka 'ya'yanmu maza biyu muka turo, sunayensu ne a layi na ɗaya da na biyu. Wanda bai san rukunin jininsa ba, akwai ma'aikacin gwaji da zai zauna har bayan la'asar.